Gem ɗin da ba ya jin magana

Wannan nazari ya bi diddigin matsala ɗaya tak: yadda wani saurayi mai haɗa gem don sha'awa ya shafe kusan wata biyar yana fama da ƙorafin masu gwada masa gem a kan maɓallai, tun daga ranar da ya fara raba shi har ranar da ƙorafin ya koma kan wani abu daban. An sakaya sunansa da na gem ɗin.

## Ƙarshen 2023: mai gem da gem ɗinsa

Saurayin yana aiki ne a wani shagon buga takardu a Samaru, Zariya. Da rana yana buga wa ɗalibai furojet yana yi musu fotokofi, da dare kuma, in an kawo wuta ko laftof tana da sauran caji, sai ya koma kan gem ɗinsa. Ba a aji ya koyi abin ba, a YouTube ne. Da Unity ya soma, wata manhajar haɗa gem. A Satumban 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai fara karɓar kuɗi bisa yawan mutanen da suka sauke gem, sai ya bi ayarin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Godot, wata manhajar irinta. In za a faɗi gaskiya, harajin ba zai taɓa isowa kansa ba, domin sai gem ya kawo dala 200,000 a shekara kafin a waiwayi mai shi, kuma daga baya kamfanin ya janye tsarin gaba ɗaya. Amma ƙaurar ta yi masa rana ta wata fuskar. Godot kyauta ne, zubinsa na 4.0 ya fito tun Maris 2023, kuma bai fi ƙarfin tsohuwar laftof ɗinsa ba.

Labarin gem ɗin na wani mafarauci ne da ƙanensa ya ɓace a daji, ya fita nemansa. Daga sama ake kallonsa. Yana da takobi, da kwari da baka, da garkuwa, yana iya mirginawa gefe ya kauce wa hari, yana shan magani in ya ji rauni, yana sayen makami a kasuwar ƙauye da abin da ya farauto. Faɗan kai tsaye ne, babu jiran layi kamar a dara. A irin wannan gem, tazarar da ke tsakanin yatsa da motsin jarumi ita ce rai da mutuwa.

A kibod ya tsara komai. W, A, S da D na tafiya, maus na saiti, dannawar hagu sara, ta dama ɗaga garkuwa muddin yatsa na kai, 1 zuwa 4 magunguna. Shift kuma aiki biyu ya ba shi: a taɓa a saki, mafarauci ya mirgina, a danne, ya ruga da gudu. Wannan dabara daga Dark Souls ya kwaso ta, gem ɗin kamfanin FromSoftware na Japan da ya fito a 2011. Zubin waya ya samu sandar tafiya a hagun sikirin da maɓallai shida a dama. Na hannun gem kuwa, wato na'urar nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga, a dare ɗaya ya haɗa shi, da aron hannun Xbox na wani abokinsa.

Shi kaɗai ya riƙa buga shi duk tsawon wannan lokaci.

## Janairun 2024: makon farko

Cikin hunturu ya tura fayil ɗin ga 'yan'uwa da abokai, mutanen da ba su kai 20 ba, galibinsu a waya. Ya roƙe su su faɗa masa ra'ayinsu a kan labarin da zane-zanen. Babu wanda ya ce uffan a kansu, don babu wanda ya wuce kura ta farko da ke bakin rafi. Saƙonnin murya ne suka riƙa shigowa, kuma kalaman kusan iri ɗaya: gem ɗin yana da nauyi, na danna bai yi ba, mutumin naka ba ya jin magana. Wani ƙanensa ya ce, "Yaya, wallahi na kauce, da idona na ga na danna, amma ta cinye ni."

Fassarar da ya fara yi wa wannan ita ce ba su iya ba. Yana da hujja. Mutanen nan hannunsu a ƙwallo ya buɗe, wato PES da aka mayar eFootball a 2021, sai kuma Free Fire da PUBG, babu wanda ya taɓa buga gem ɗin da ake jira dabba ta yi alama kafin a kauce. Ya buɗe laftof a gabana ya kashe kurar ba tare da ta taɓa shi ko sau ɗaya ba, ya ce to ina nauyin?

Gyara biyu ya yi a makon. Ya saka shafin bayani a farkon gem mai nuna aikin kowane maɓalli, ya kuma rage wa kurar ƙarfi da kashi ɗaya cikin uku. Shafin bayanin tsallake shi aka riƙa yi. Kurar kuwa an soma kashe ta, amma ta hanyar tsayawa a gabanta ana ta sara ana shan magani, babu mai mirginawa, babu mai ɗaga garkuwa. Da aka isa dodon da ke kogo, wanda sara ɗaya yake yi ya gama da mutum, sai aka sake tsayawa cik, da ƙorafin da bai canza ko kalma ɗaya ba.

## Fabrairu: ƙuri'a, sannan shafin sauya maɓalli

Da ya amince cewa akwai matsala a maɓallan, sai ya ce bari masu bugawa su zaɓa da kansu. Ya zana tsari uku a takarda, ya ɗauki hoto, ya buɗe ƙuri'a a WhatsApp. Ƙuri'ar ta rabu kusan gida uku. Masu waya sun jefa wa tsarin kibod da ba za su taɓa amfani da shi ba, wasu sun zaɓi abin da babban yayansu ya zaɓa, kuma babu wanda ya gwada ko ɗaya daga cikin ukun da hannunsa, tunda a hoto kawai suke. Ya bi mai ɗan rinjaye, ya ɗauke mirginawa da gudu daga Shift ya mayar da su kan dogon maɓallin tazara.

Wannan ya magance abu ɗaya da ma bai san da shi ba. A Windows, in aka danna Shift sau biyar a jere, wani akwati yana faɗowa yana tambaya ko a kunna tsarin maƙale maɓalli na masu lalurar hannu. Mai gudun kura kuwa ba ya ƙirga sau nawa ya danna. Shi ya daɗe da kashe wannan a laftof ɗinsa har ya manta, su kuma da akwatin ya rufe musu sikirin a tsakiyar faɗa sun ɗauka gem ɗin ne ya lalace. Sai dai mutum biyu ko ukun da suka riga suka saba da Shift sun yi ƙorafin an rikita musu hannu, sauran kuma suka ce nauyin yana nan.

Daga nan ya ɗauki shawarar da kowa ke bayarwa a wannan fanni, ya gina shafin da mutum zai sauya kowane maɓalli yadda ya ga dama. Shawarar ba ta banza ba ce. Jagororin sauƙaƙa wa masu lalura buga gem, waɗanda ƙwararru suka fara wallafawa a 2012, sun sa wannan cikin matakan farko da ake so kowane gem ya cika. Mako uku aikin ya ci masa, yawanci wajen hana maɓalli ɗaya ɗaukar aiki biyu da kuma adana zaɓin mutum kada ya goge in an rufe gem.

Kaɗan ne suka buɗe shafin. Cikinsu akwai wani da ya taɓa karyewa a hannun hagu a hatsarin babur, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasa sosai. Shi kam ya ji daɗinsa, ya tattara maɓallan wuri ɗaya, ya kuma roƙi a bar garkuwa ta tsaya da dannawa ɗaya ba sai an riƙe ba. Akwai kuma masu laftof da ba su da maus. Su matsalarsu ita ce faifan shafawa na laftof yakan daina amsawa na ɗan lokaci in ana danna kibod, don kada tafin hannu ya motsa shi ana rubutu, saboda haka ba sa iya tafiya da saiti a tare. Da suka samu dama sai suka koma maɓallan kibiya, nan kuma suka ci karo da wani bango: kibod masu araha da yawa ba sa iya karanta wasu maɓallai uku a lokaci guda saboda yadda aka jera wayoyinsu a ciki, kuma kibiyar sama da ta hagu da maɓallin tazara na cikin haɗin da ya fi yin suna wajen wannan. Mafarauci yana mirginawa ta ko'ina, ban da arewa maso yamma.

## Saƙon Maradi

A cikin waɗannan makonni ne wani ɗan ƙanwar mahaifiyarsa da ke karatu a Maradi ya aiko da bidiyon hannunsa a kan kibod, yana tambaya ko da gangan aka yi tsarin don a karya wa mutum yatsa. A bidiyon, ƙaramin yatsansa na can ƙasa yana neman W, wani yatsan na can sama a kan A.

Laftof ɗinsa mai kibod ɗin Faransa ce, kamar da yawa a Nijar, wanda layin haruffansa na sama ke farawa da A, Z, E, R, T, Y. A wurin da kibod ɗin da aka saba da shi a Najeriya ke da W, nasa Z ne. A wurin A kuma Q. Gem ɗin harafin yake nema, bai damu da inda yake zaune ba. Magunguna ma ba sa shaɗuwa, domin a wannan kibod layin lambobi alamomi yake bayarwa, sai an haɗa da Shift kafin 1 ko 2 su fito.

Wannan shi ne gyara mafi sauƙi a duk tafiyar. Godot yana ba mutum zaɓi tsakanin ɗaure aiki da harafi ko da gurbin maɓalli a jikin kibod, ko mene ne aka rubuta a kansa. Ya sauya zuwa gurbi, ya sa gem ɗin ya riƙa nuna wa kowa harafin da ke jikin nasa kibod ɗin, shi ke nan. Bai kai awa ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne da ɗan'uwan nasa saƙon murya ya aiko, da cewa zai yi tafiyar tana da wuya, a zuba shi cikin sahun masu cewa nauyi. Bidiyon ne ya bambanta shi.

## Maris zuwa Afrilu: azumi da wayoyi

Azumin 2024 ya kama a makon biyu na Maris, cikin tsakiyar zafi. Aiki ya ragu a shago, yara kuma suna neman abin da zai kai su la'asar, sai gwajin waya ya ƙaru. Wannan karon ya ce duk mai ƙorafi ya sa wani ya ɗauki hannunsa a bidiyo.

Bidiyon farko ya fallasa babban kuskure. Yaro na tafiya da babban yatsan hagu, ya danna sara da na dama, babu abin da ya faru. Sai ya ɗaga na hagu, ya sake dannawa, takobi ya fita. Maɓallan da ya jera a sikirin irin na shafukan saiti ne, waɗanda aka yi don maus, kuma maus yatsa ɗaya ne. Godot yana da wani nau'in maɓalli daban, TouchScreenButton, da aka yi musamman don yatsu da yawa a lokaci guda. Shi bai taɓa lura ba saboda a laftof yake gwada zubin waya, yana danna maɓallan da maus ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu ke nan masu waya na tsayawa cak kafin su yi sara, suna ɗauka haka dokar gem ɗin take.

Sai girman maɓallan. Google na ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza 48dp kowane gefe, wato kusan milimita 9 a jikin gilashi. Nasa guda shida, da aka cusa a kusurwa ɗaya, sun yi kyau a babban sikirin, amma a ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno babban yatsa ɗaya yana rufe biyu. Mai neman garkuwa sai ya sha magani. Sandar tafiya kuma a kafe take a wuri ɗaya dab da gefe, yatsa na zamewa daga kanta ba a sani ba tunda gilashi ba shi da tudu balle a ji, musamman in gumi ya jiƙa hannu. Wani lokaci yatsan kan zarce har wayar ta ɗauka komawa baya ake so, kuma a saitin Godot na asali umarnin komawa baya a Android rufe gem yake yi ɗungurungum.

Abu na ƙarshe ba na maɓalli ba ne ko kaɗan. Wasu sun ce gem ɗin yana farawa lafiya, bayan minti goma ko sha biyar sai nauyin ya sauko. Waya in ta ɗau zafi rage wa kanta gudu take yi don kada ta lalace, kuma a watan da zafi ke kaiwa digiri 40 a wurare da dama na Arewa, ga ta a jone da caji saboda ba a san yaushe za a ɗauke wuta ba, ba ta daɗewa. A firem 60 cikin sakan, wato hoto 60 da gem ke zanawa a sikirin duk sakan, gem na duba yatsa duk bayan milisakan 16.7. In ya faɗo 30, sai duk bayan 33.3. In yana hawa yana sauka kuwa, hannu ba ya samun abin da zai saba da shi.

Ya sauya nau'in maɓallan, ya mayar da su uku manya, sara da mirginawa da garkuwa, da na huɗu mai sauya aiki gwargwadon abin da ke gaban mafarauci. Sandar tafiya ta koma bayyana a duk inda yatsa ya sauka a rabin hagu. Ya hana komawa baya rufe gem, ya rage inuwa da hayaƙi, ya saka zaɓin tsayar da gem a firem 30. Ya kuma bari a ja maɓallan a ajiye inda ake so, kuma wannan kam an yi amfani da shi sosai, don 'yan Free Fire da PUBG sun daɗe da sanin haka.

Ƙorafin masu waya ya ragu ƙwarai. Amma kalmar nan ta na kauce ta cinye ni ba ta tafi ba, a waya ko a kibod.

## Bayan ƙaramar Sallah: yini ɗaya a gidan gem

Sati guda bayan Sallah ya ɗauki laftof ya tafi wani gidan gem a unguwarsu, ya roƙi mai gidan ya ara masa kusurwa da hannaye biyu, ɗaya tsohon na PS4, ɗaya irin mai arahar nan na USB. Mun yi yarjejeniya da shi a hanya cewa ba zai buɗe baki ba: ba bayani, ba gyara wa yaro riƙo, ba cewa ai ga yadda ake yi. Wannan ya fi komai yi masa wuya.

Hannun mai araha tun a shafin farko ya ba da matsala. Maɓallansa lambobi ne, 1 zuwa 4, gem ɗin kuma yana cewa a danna A. Godot na dogara ne da wani kundi mai ɗauke da taswirar hannaye iri-iri, kuma wannan hannun bai zauna daidai a ciki ba, sara ya koma wurin magani. Na PS4 ɗin ya zauna daidai, sai dai yaran gicciye da da'ira suka sani, A da B ba su da ma'ana a wurinsu. Wannan ruɗani ma tsoho ne a duniyar gem: maɓallin ƙasa A ne a Xbox, B ne a Nintendo, gicciye a PlayStation, kuma a Japan da'ira ce ke nufin na yarda har sai da PS5 ya zo a 2020.

Sannan sandar analog, wato sandar tafiya da ke jikin hannun gem. Ya bar ta a kan saitin da ya tarar, 0.5, wato sai an tura ta rabin hanya kafin gem ya san an taɓa ta. Yaro zai ɗan karkata ta don ya lallaɓa, mafarauci na tsaye. Ya ƙara turawa, sai ya zabura. Nan take ya sauke ta zuwa 0.1, sai ga mafarauci yana tafiya shi kaɗai zuwa rafi babu mai taɓa shi, saboda sandar tsohon hannun ta gaji da shekarun ƙwallo, ba ta komawa tsakiya.

Wajen la'asar wani yaro ɗan kimanin shekara 12 ya zauna. Ya iya hannu, nan da nan ya gane sara da garkuwa. Ya isa bakin rafi. Kura ta durƙusa, ta yi alamar tsalle. Yaron ya ciji leɓe, kafaɗunsa suka ɗaga, babban yatsansa ya sauka a kan da'ira da ƙarfi har farcen ya yi fari, kuma bai ɗaga ba. Mafarauci bai mirgina ba. Ya ruga da gudu, kai tsaye cikin bakin kura. Yaron ya juyo ya ce, "Yaya, na danna fa." Aka sake, haka ta sake faruwa. Na ukun ma haka.

Tunda maɓalli ɗaya ke ɗauke da mirginawa da gudu, gem ba shi da yadda zai san wanne ake nufi sai an saki. In an saki kafin milisakan 250, mirginawa. In an wuce, gudu. Ma'ana mirginawa ba ta fita lokacin da aka danna, sai lokacin da aka ɗaga yatsa. Mai gem ɗin ya san tsallen kurarsa kamar yunwar cikinsa, taɓawa yake yi a natse ya ɗaga. Wanda ya tsorata kuwa damƙewa yake yi.

Suka ari waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, hoto 120 a sakan, suka ɗauki yatsa da sikirin tare, suka zauna ƙirga. Alamar kurar firem 30 ce, rabin sakan. Mutum kan ci kusan rubu'in sakan kafin ido ya gani hannu ya motsa. Taɓawa mai sauƙi ta ci wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin a ɗaga. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, sikirin ma yana da nasa jinkirin.

Bidiyon ya nuna abu na biyu. Saran takobi firem 24 yake ɗauka, kuma duk abin da aka danna a cikinsu gem ɗin zubar da shi yake yi. Yara na danna mirginawa takobi na kan hanyar dawowa, saura firem uku ko huɗu, sai dannawar ta tafi a banza. Hannun mai gem ya koyi jira har takobi ya dawo ba tare da shi kansa ya san ya koya ba.

## Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu: gyaran da ya zauna

Ya raba auren gudu da mirginawa. Mirginawa ta samu maɓallinta ita kaɗai, tana fita da zarar yatsa ya sauka. Maɓallin gudu kuwa cire shi ya yi baki ɗaya: a hannun gem da waya, tura sanda har ƙarshe shi ne gudu, a kibod kuma mafarauci da kansa yake gudu in babu abokin gaba a kusa.

Ya sa gem ya riƙa ajiye dannawar da ta zo da wuri, ya aiwatar da ita da zarar motsin da ake ciki ya ƙare. Da firem 18 ya fara, milisakan 300, sai aka koma ƙorafin cewa mafarauci yana yin abin da mutum ya riga ya fasa. Ya rage zuwa 9, milisakan 150, aka daina magana. Ya kuma bari mirginawa ta iya katse kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen sara.

Sandar analog ta tsaya a 0.2, da wurin ƙarawa ga mai tsohon hannu. In gem ya ga hannun da bai sani ba, yana tambaya a danna maɓallin sara, sannan na mirginawa, ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe. Maimakon A da B, sikirin na nuna ɗigo huɗu, wanda ake nufi ya yi haske. Ga marasa maus da masu waya, takobi na juyawa da kansa zuwa abokin gaba mafi kusa da ke gaban mafarauci, dangin dabarar kulle ido a kan maƙiyi da Nintendo ya shahara da ita tun Zelda na 1998. Garkuwa ta samu zaɓin dannawa ɗaya. A hanya ya gano cewa mai tafiya a karkace, W da D tare, ya fi mai tafiya miƙe sauri da kashi 41 cikin ɗari, lissafin kusurwa ne kawai da bai daidaita ba, ya gyara.

Da ya gama, ya mayar wa kura ƙarfinta na asali bai gaya wa kowa ba. Babu wanda ya lura. Saƙonnin Mayu sun koma cewa labarin ya yi gajere, takobin kasuwa ya yi tsada, kuma wani ya dage cewa hular mafaraucin ta 'yan birni ce.

## Abin da ya yi aiki, da wanda bai yi ba

Masu gwajin ba su yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Sun danna, bai yi ba. Sai dai kalmar nauyi ɗaya ta ɗauko aƙalla cututtuka bakwai da ba su da alaƙa da juna, daga kibod ɗin Faransa zuwa zafin Afrilu, kuma babu wanda za a sa ran ya bambance su daga cikin masu bugawa, tunda ba su ga kod ba, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da gem. Rage wa kura ƙarfi ya ɓoye alamar ne na mako biyu, har ya koya wa mutane bugun da ba shi ake so ba. Ƙuri'a ta tambaye su inda maɓalli zai zauna, alhali babbar matsalar ita ce yaushe maɓallin ke amsawa, kuma wannan ba ya fitowa a hoton takarda. Shafin sauya maɓalli aiki ne mai kyau da aka yi a lokacin da bai dace ba. Ga mai raunin hannu shi ne ya buɗe masa gem ɗin, amma ko ina aka kai mirginawa, tana nan tana jiran a ɗaga yatsa.

A ganina kuskuren da ya fi tsada shi ne kwaso tsarin Dark Souls ba tare da kwaso abin da ke riƙe da shi ba. Can ma mirginawa a sakin maɓalli take fita, masu bugawa sun daɗe suna magana a kai, amma an gina harin dodanni da wannan lissafin, kuma ana bugawa a kan hannun da aka tsara gem ɗin dominsa. Nan kuwa gilashin waya ne mai gumi da kura mai alamar rabin sakan. Duk gyaran da ya zauna daga kallon hannu ya fito, bidiyon Maradi, bidiyoyin azumi, da yinin da ya yi shiru a gidan gem, kuma da ya soma da wannan a Janairu da wataƙila bai rasa mutanen da suka gaji suka goge gem ɗin tun Fabrairu ba. Wasunsu ya sake tura musu sabon zubi, sun ce to, ba su buɗe ba.

Akwai abin da har yanzu bai gyaru ba. Masu haɗa hannun gem da waya ta Bluetooth na jin ɗan jinkirin da ba daga kod ɗinsa yake ba. Kwari da baka kuma sun gagara a waya: in ya bar saiti a hannun mutum ba a samun komai, in ya bar gem ya saita babu daɗi, kibiya ba ta kuskure. Ya cire su daga zubin waya har sai ya samo dabara. Yaron gidan gem ɗin nan, da ya sauke shi a wayar yayarsa, ya tare shi a bakin masallaci bayan magariba, ya gaishe shi, ya ce ya kashe dodon kogo, sannan ya ce, "Amma Yaya, ina bakan?"